Albert Cotter: Gwanin Kurket Da Ya Faɗi A Birsheba

 A wannan fitowa ta mujallarmu na ɗebo muku tarihin wani Bature ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Albert Cotter, wanda mutanen ƙasarsa suka fi sani da laƙabin Tibby. Ya yi tashe a wasan kurket kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'an nan ya shiga rundunar sojan doki, aka kashe shi a ƙasar Falasɗinu ranar 31 ga Oktoba, 1917, yana da shekara 33. A cikin dukan waɗanda suka taɓa buga wa Ostireliya babban wasan ƙasa da ƙasa, wanda ake kira Tes, shi kaɗai ne ya mutu a fagen wannan yaƙi. Abin da ya sa tarihinsa ya tsaya mini a rai shi ne, mutumin da aka sani da fasa yatsun mutane da ƙwallo, da ya je bakin daga sai ya zama mai ɗauko waɗanda aka yi wa rauni, kuma da aka ɗaura masa igiya sai ya roƙa a kwance masa ita.

An haife shi a birnin Sidni ranar 3 ga Disamba, 1883. Mahaifinsa, John Henry Cotter, mutumin Ingila ne da ya yi ƙaura zuwa can, sana'arsa fawa. Mahaifiyarsa Margaret kuwa asalinta ƙasar Sikotlan. Albert shi ne na shida a jerin 'ya'yansu maza, kuma ya tashi a unguwar Glebe, kusa da tsakiyar birni. Ya yi firamare a makarantar Forest Lodge, wadda ita ce kuma ta yaye waɗansu 'yan kurket biyu da suka buga wa ƙasa daga baya, wato Warren Bardsley da Charles Kelleway. Daga nan ya wuce sakandaren Sydney Grammar, inda ya yi shekarun 1899 da 1900. Tun a makaranta aka ga alamar ƙarfi a jikinsa, domin ban da kurket yana buga zari-ruga, kuma yana da gudu.

Na san da yawa cikin 'yan ajinmu ba su taɓa riƙe ƙwallon kurket ba, sai dai yayyenmu da waɗansu malamai da suka riski zamanin da ake buga shi a manyan makarantun gwamnati, saboda haka bari in ɗan yi bayani. Ana kafa sanduna uku a wannan gefe, uku a wancan, tsakaninsu yadi 22. Mutum ɗaya ya tsaya da faffaɗan katako yana tsare sandunan, wani kuma ya taho a guje ya jefo ƙwallo, da nufin ya kayar da su ko ya sa mai tsaron ya yi kuskure a fitar da shi. Ƙwallon ƙarama ce, nauyinta wajen giram 160, amma an naɗe ta da fata, taurinta kamar dutse. A zamanin Cotter babu hular kwano, sai wajen ƙarshen shekarun 1970 aka fara sa ta. Ke nan wanda ya tsaya gaban mai jifa mai ƙarfi ya sayar da haƙarƙarinsa da haƙoransa.

To, Cotter mai jifa ne, kuma a zamaninsa ba a yi wanda ya fi shi ƙarfin jifa a Ostireliya ba. Ba dogo ba ne, tsawonsa ƙafa biyar da inci takwas, amma yana da ƙirji da kafaɗu irin na 'yan dambe. Yakan ja hannunsa can baya ya wurgo ƙwallon kamar mai harba majajjawa. Saiti bai dame shi ƙwarai ba: wata ta tafi kan sanduna, wata ta daki ƙasa ta taso wa mutum a fuska. Ya sha karya sandunan biyu, ya sha fasa yatsu. Ya fara buga wa jiharsa ta New South Wales yana ɗan shekara 18, kuma a farkon 1904 aka sa shi cikin 'yan wasan ƙasa da za su kara da Ingila. A wasansa na biyu, a birnin Melbon, ya fitar da mutum shida an ci maki 40 kacal a kansa, Ingila duka ta watse da maki 61. Daga ranar sunansa ya zaga ƙasa.

Ya je Ingila sau biyu, a 1905 da 1909. A zuwansa na farko ya narka wa dattijon kurket na Ingila, W. G. Grace, ƙwallo a jiki, alhali tsohon ya haura shekara hamsin da biyar, kuma a garin Nottingham 'yan kallo suka yi ta yi masa ihu saboda yadda ƙwallonsa ke tasowa kan mutane. Jaridun Ingila suka ɗauke shi tamkar dodo. Wannan bai hana shi aikinsa ba. A filin Oval na Landan ya fitar da mutum bakwai a zubi ɗaya, kuma a 1909 a garin Leeds ya fitar da biyar a kan maki 38, abin da ya taimaka wa Ostireliya ta ci wasan, ta kuma ci gasar baki ɗaya. Jimilla ya buga Tes 21, ya fitar da mutum 89.

Yadda wasansa ya ƙare shi ne wurin da halinsa ya fara fitowa fili. A da, in 'yan wasan Ostireliya za su tafi Ingila, su ne ke zaɓen manajansu, su kuma raba ribar tafiyar a tsakaninsu. A 1905 aka kafa hukumar kurket ta ƙasa, ta shiga janye wannan iko sannu a hankali. Da aka zo shirin tafiyar 1912, 'yan wasa suka ce Frank Laver suke so ya zama manaja, hukuma ta ce ita za ta naɗa nata. Sai manyan 'yan wasa shida suka sa hannu a takarda, suka ce in haka ne ba za su je ba: Clem Hill, wanda shi ne kyaftin, da Victor Trumper, da Warwick Armstrong, da Hanson Carter, da Vernon Ransford, da Cotter. Rigimar ta yi zafi har Hill ya kai wa wani mai zaɓen 'yan wasa, Peter McAlister, naushi a wurin taro, aka ba hammata iska. Hukuma ta ƙi lanƙwasa, ta tura waɗansu. Mu da muke aikin gwamnati mun san ƙarshen irin wannan, wanda ya sa hannu a takardar koke da shi ake tunawa ranar ƙarin girma. Waɗansu cikin shidan sun dawo daga baya, Armstrong ma har ya zama kyaftin bayan yaƙi. Cotter kuwa bai sake buga wa ƙasarsa Tes ba, ga shi a lokacin shekararsa 28 kawai.

A watan Agusta 1914 yaƙi ya ɓarke a Turai, kuma da yake Ostireliya tana ƙarƙashin daular Ingila, shigar Ingila shigarta ce. Mutanen ƙasar a lokacin ba su kai miliyan biyar ba, amma fiye da 416,000 suka ba da sunansu, kuma kimanin 60,000 ba su komo ba. Duk da son ransu suka tafi, domin sau biyu gwamnati ta nemi jama'a su amince da kamun soja na dole, a 1916 da 1917, sau biyu aka kayar da ita a ƙuri'a. Albashin farabiti sule shida ne a rana, alhali takwaransa na Ingila sule guda yake karɓa. Cotter ya ba da sunansa ranar 15 ga Afrilu, 1915, kwana goma kafin sojojin ƙasarsa su sauka a Galipoli. Shekararsa 31, akawu ne kamar da yawa daga cikinmu, kuma bai yi aure ba.

Rundunar da ya shiga ita ce ta sojan doki marasa nauyi, kuma kada mai karatu ya kawo barade irin namu na hawan salla a ransa, masu lifidi da takobi da mashi. Su waɗannan doki abin tafiya ne a wurinsu. Ana raba su huɗu-huɗu. In an iso kusa da abokan gaba sai a sauka, mutum ɗaya ya kama linzamin dawakai huɗun ya ja su baya, sauran ukun su shiga faɗa a ƙasa da bindiga da banati. Alamarsu malfa mai faɗi da gashin wata tsuntsuwa mai kama da jimina a soke a gefe. Dawakansu ana ce musu Wela, daga sunan jihar New South Wales, kuma an san su da juriyar ƙishi da ɗaukar nauyi, domin in an haɗa mahayi da sirdi da harsashi da abincin mutum da na doki, kayan kan kai wajen kilo 130. Yawancin mutanen rundunar 'yan karkara ne da suka tashi a kan sirdi wajen kiwon shanu da tumaki. Cotter ɗan birni ne, kuma masu rubuta tarihinsa sun yarda cewa bai iya hawa sosai ba. A ganina sunansa ne ya buɗe masa ƙofa, don kuwa hukumar da ke neman samari ba za ta kori mutumin da kowane yaro ya san fuskarsa ba.

Abin dariya, da ya isa fagen fama na farko babu ma dokin. Galipoli wani zirin ƙasa ne mai duwatsu da kwazazzabai a bakin mashigin ruwan da ke kaiwa Santambul, kuma Ingila da Faransa sun so su bi ta nan su fitar da Daular Usmaniyya daga yaƙin. Turkawa suka tare su, cikin kwamandojinsu har da Mustafa Kamal wanda daga baya ya kafa Turkiyya ta zamani. Da mutane suka yi ƙaranci sai aka ce sojan doki su bar dawakansu a Masar su je su shiga ramuka. A wani wuri da ake kira Nek, ranar 7 ga Agusta, 1915, aka tura kimanin 600 daga cikinsu a guje a ƙafa zuwa bakin bindigogin Turkawa, 234 suka mutu cikin abin da bai kai sa'a guda ba. Cotter ya iso bayan wannan, ya zauna da runduna ta 1 a watannin ƙarshe, lokacin da atuni da ƙwarƙwata da sanyi suka fi harsashi cin mutane, har ƙanƙara ta zuba a ƙarshen Nuwamba. A watan Disamba aka kwashe sojojin cikin dare, aka bar wa Turkawa wurinsu. Ostireliya ta bar gawa fiye da 8,000 a can, Turkawa kuwa sun yi asarar fiye da 80,000.

Da aka koma Masar aka mayar da shi runduna ta 12, aka kuma mayar wa kowa da dokinsa. Aikin da ke gabansu shi ne tsare mashigin Suwez, sa'an nan su kora Turkawa ta hamadar Sina'i zuwa Falasɗinu. A wannan hamada ruwa shi ne sarki. Doki ɗaya na shan galan da yawa a yini, ga dubban dawakai, saboda haka tafiyar rundunar ba ta wuce inda bututun ruwa da layin dogo suka kai. Waɗanda suka shimfiɗa su kuwa dubban leburori ne Misirawa, tare da masu jan raƙuma, waɗanda ba a cika ambatonsu ba in ana ba da labarin.

A farkon 1917 aka iso ƙofar Gaza. Turkawa sun ja layin tsaro daga Gaza a bakin teku har zuwa garin Birsheba a cikin hamada, nisan fiye da kilomita 40. An kai wa Gaza hari ranar 26 ga Maris aka kasa. Aka sake komawa daga 17 zuwa 19 ga Afrilu, wannan karon gaba da gaba, a fili fetal babu ko itacen fakewa, aka yi asarar mutum fiye da 6,000 tsakanin matattu da masu rauni, kuma ba a ci ko taƙi ba. A nan ne aka ga Cotter a sabon aikinsa na ɗaukar masu rauni.

Ya kamata a tsaya a dubi wannan aiki. Sojan da ke harbi yana iya kwanciya ya manne da ƙasa, ya haƙa ɗan rami da hannu ya sa kansa. Mai ɗaukar masu rauni ba shi da wannan gata. In aka yi kira dole ya miƙe tsaye, shi da abokinsa, su je inda harsashi ya riga ya sami wani, wato inda abokan gaba suka riga suka daidaita saiti. Su ɗaure raunin, su ɗora mutum a gado, su taso da shi a hankali, domin ba a gudu da wanda cikinsa ya fashe. Hannuwansu biyu na kan sandunan gado, babu na riƙe bindiga. In sun kai shi baya a ɗora shi a keken doki ko a wani irin gado da ake rataya wa raƙumi, sai su juya su koma ɗauko wani. Haka Cotter ya wuni ranar 19 ga Afrilu. Henry Gullett, wanda gwamnatin Ostireliya ta sa ya rubuta tarihin yaƙin Sina'i da Falasɗinu, ya yaba wa masu wannan aiki a ranar, kuma ya kama sunan Cotter musamman cikin waɗanda aka gani suna kai da kawowa a tsakiyar wuta. Ƙirjin nan da kafaɗun nan da suka firgita Ingila sun sami abin ɗauka.

An yi masa ƙarin girma zuwa las kofur, mai igiya ɗaya, amma ba a daɗe ba ya nemi a mayar da shi farabiti, aka kuwa mayar da shi. Ni dai ina ganin mutumin 1912 ne bai canza ba. Wanda ya gwammace ya rasa tafiya Ingila da ya rabu da abokansa biyar, ba abin mamaki ba ne ya ƙi igiyar da za ta sa shi tsawata wa waɗanda suke ci a kwano ɗaya. Mutum mai irin sunansa da ya so, da ya sami kujera a hedikwata, ko a ba shi shirya wasanni don nishaɗin hafsoshi. Ya zauna a inda yake.

Bayan kunyar Gaza aka sauke babban kwamanda, Janar Murray, aka kawo Janar Allenby a watan Yuni. Shi kuma ya ga cewa a bar dukan ƙofar da ta ƙi buɗuwa, a zaga ta ɗaya ƙarshen layin, wato Birsheba. Larabawa na kiran garin Bi'ir as-Saba'a, kuma tun zamanin da ana danganta rijiyoyinsa da Annabi Ibrahim, alaihis salam. Rijiyoyin nan su ne dukan maganar. In aka kama garin a yini ɗaya da rijiyoyinsa lafiya, dawakai za su sha a ci gaba. In aka kwana ba a kama shi ba, ko Turkawa suka fasa rijiyoyin da nakiyoyin da suka riga suka ɗana, to sai dai dubban dawakai su juya da ƙishi. Mai tsaron wannan yanki shi ne Ismet Bey, wanda daga baya duniya ta sani da Ismet Inonu, shugaban Turkiyya na biyu, kuma da yawa cikin sojojinsa Larabawa ne.

A wannan wata na Oktoba yaƙin ya riga ya taɓa gidan su Cotter. Ranar 4 ga wata aka kashe wansa John a ƙasar Beljiyam, kusa da garin Ypres. Kuma don mu san cewa abin bai yi nisa da mu ba, a tsakiyar watan nan ne sojojin Nijeriya, da yawansu Hausawa, suka gwabza da Jamusawa a Mahiwa, cikin ƙasar da ake kira Tanzaniya a yau, aka yi musu ɓarna mai yawa.

Sojan doki suka yi tafiyar dare ta cikin hamada, suka ɓullo wa Birsheba ta gabas da asubahin 31 ga Oktoba, yayin da sojan ƙasa na Ingila suka far wa garin ta yamma. Amma akwai wani tudu, Tel el Saba, da ya tsare hanyar gabas, kuma bindigogin da ke kansa suka riƙe mutanen Niyu Zilan da na Ostireliya har wajen ƙarfe uku na rana. Rana ta fara sunkuyawa, gari bai faɗi ba, waɗansu dawakan sun fi yini guda ba su ga ruwa ba. Sai Janar Harry Chauvel, shugaban dukan sojan doki, ya ba Birgediya William Grant umarni ya kai hari a kan doki. Akwai sojan doki na Ingila masu takubba, amma suna nesa, ga lokaci ya ƙure. An kuma lura cewa ramukan Turkawa na wannan gefe ba su da waya mai ƙaya.

Da la'asar sakaliya, wajen ƙarfe huɗu da rabi, runduna ta 4 a dama, ta 12 a hagu, kimanin mutum 800, suka jeru a bayan wani tudu. Tsakaninsu da gari wajen kilomita shida ne na fili. Da yake ba su da takubba, kowa ya rataya bindigarsa a baya ya zare banati ya riƙe a hannu. Suka fara da tafiya, suka koma sassarfa, sa'an nan aka saki linzami. Turkawa sun san al'adar waɗannan mutane, suna jiran su sauka kamar kullum, suka ga ba su sauka ba. Igwa ta buɗe wuta, amma saurin dawakan ya sa ba da jimawa ba suka shige ƙarƙashin inda take kaiwa. Masu bindiga a ramuka kuma, cikin ruɗewa da ƙura, da yawansu ba su sauke saitin da suka ɗaura don nesa ba, harsashi ya riƙa wucewa ta saman kai. Dawakai suka tsallake ramukan. Waɗansu mahayan suka dira suka shiga faɗa hannu da hannu, yawancin 'yan runduna ta 12 kuwa suka zarce cikin gari. Kafin duhu ya rufe an kama Birsheba da mafi yawan rijiyoyinta lafiya, da fursunoni fiye da 700. Ostireliya ta rasa mutum 31, aka yi wa 36 rauni, dawakai wajen 70 suka mutu.

Cotter na cikin 31 ɗin nan. Ya bi sukuwar a kan doki a matsayinsa na mai ɗaukar masu rauni, kuma a bakin ramuka, inda mutane suka sauka ana faɗa, wani sojan Turkawa ya harbe shi daga kusa, ya mutu nan take. Littattafan kurket sun daɗe suna yaɗa wata ruwaya dabam, wai yana cikin rami ne ya ɗaga kai don ya leƙa, maharbi ya same shi. Wannan ta fi kama da Galipoli, ba ta dace da abin da ya faru a Birsheba ba, inda 'yan rundunarsa ba su zauna cikin rami ba a ranar. Akwai hoton da aka ɗauka bayan faɗan, na gawarwakin 'yan Ostireliya a jere a ƙasa an lulluɓe su da barguna, an yi wa ɗaya alama cewa shi ne.

Mutanen Ostireliya suna alfahari da wannan sukuwa har gobe, kuma ta fuskar jarunta ba wanda zai hana su. Amma mu da muke karanta labarin daga nan, dole mu ga ɗaya gefen. Faɗuwar Birsheba ita ta karya layin. Gaza ta faɗi ranar 7 ga Nuwamba, Ƙudus ta miƙa wuya ranar 9 ga Disamba, bayan shekara 400 a hannun Daular Usmaniyya, Allenby ya shiga birnin a ƙafa bayan kwana biyu. Kuma a ranar da Cotter ya mutu, a ranar nan dai, majalisar yaƙi ta Ingila ta zauna a Landan ta amince da alkawarin kafa wa Yahudawa gida a Falasɗinu, wanda aka sa wa hannu ranar 2 ga Nuwamba da sunan ministan harkokin waje, Balfour. Samarin da suka yi sukuwar ba su san da wannan takarda ba, ruwa suke nema wa dawakansu. Sunan sojan dokin ma bai fita fes ba, domin a Disamba 1918, fiye da shekara guda bayan mutuwar Cotter, sojojin Niyu Zilan da waɗansu na Ostireliya suka afka wa ƙauyen Larabawa na Surafend don ramuwar kashe ɗayansu, suka kashe maza wajen 40, kuma ba a hukunta kowa ba.

A Glebe kuwa, tsoho John Henry da matarsa Margaret sun rasa 'ya'ya biyu a tsakanin kwana 27. Ba a kawo musu gawar ko ɗaya ba, domin ƙa'idar lokacin ita ce a binne soja a ƙasar da ya faɗi. Albert yana kwance a maƙabartar sojoji ta Birsheba, wadda yanzu take tsakiyar babban birni a kudancin Isra'ila, tare da waɗansu fiye da 1,200. A maƙabartar nan aka binne Laftanar Kanar Leslie Maygar, mai lambar jarunta mafi girma ta Ingila tun yaƙin Afirka ta Kudu, wanda bom ɗin jirgin saman Jamus ya sama a ranar, ya cika washegari. Dutsen kanar da na farabiti girmansu ɗaya.

Dawakan ma ba su koma ba. A cikin kimanin 136,000 da Ostireliya ta tura yaƙin, ɗaya tak aka mayar gida, mai suna Sandy, dokin Janar Bridges wanda ya mutu sakamakon raunin da ya samu a Galipoli. Dokar hana shigo da cutar dabbobi da tsadar jirgi suka hana sauran. Masu sauran ƙarfi aka miƙa su ga sojan Ingila da na Indiya, tsofaffi da marasa lafiya aka harbe su.

A 2015, lokacin da Ostireliya da Niyu Zilan suka karɓi baƙuncin gasar kurket ta duniya, gwamnatin New South Wales ta buɗe wata gadar masu tafiya a ƙafa da masu keke a kan titin Anzac, kusa da babban filin kurket na Sidni inda Cotter ya buga Tes ɗinsa na farko, aka sa mata sunansa. An ƙiyasta za ta ci dalar Ostireliya miliyan 25, ta tashi a miliyan 38, har babban mai binciken kuɗi na jihar ya rubuta rahoto a kanta.